Yadda Ake Raba Tsohon Sauti da Gurnani da Rugugi

A yawancin tsofaffin kaset da faya-fayan garmaho, kafin mai magana ya buɗe baki ko makaɗi ya taɓa ganga, akwai wata ƙara mai kauri da ke riga su fitowa. Wani lokaci gurnani ne miƙaƙƙe, ba ya hawa ba ya sauka. Wani lokaci kuma rugugi ne mai zuwa yana komawa. Wannan ƙara tana zaune a can ƙasan sauti, inda muryoyi masu kauri da manyan ganguna suke, kuma kawar da ita na cikin ayyukan farko da ke gaban mai gyaran tsohon sauti. Fara aikin ba wuya, domin manhajojin yau suna yin sa cikin ƙiftawar ido. Wuyar ita ce a fitar da ƙarar ba tare da an haɗa da jikin murya da nauyin kiɗa ba, tun da mazauninsu ɗaya.

Lamarin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya ɗauki kaso mai yawa na waƙoƙin Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, da tafsirin malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi. Yanzu ana ta juyar da waɗannan zuwa kwamfuta da waya, kuma a wajen juyin ne ake ceto sauti ko a ɓata shi.

Ma'aunin kaurin sauti

Sauti girgizar iska ce. Idan aka bugi fatar ganga, sai ta riƙa kai da komo da sauri, tana tura iskar da ke kusa da ita, iskar kuma ta isar da motsin har dodon kunne. Yawan kai da komon da ake yi a sakan ɗaya shi ke sa sauti ya yi kauri ko ya sirance. Idan kaɗan ne, sautin ya yi kauri. Idan da yawa ne, ya fito siriri. Ana rubuta ma'aunin da Hz, daga sunan masanin kimiyya na Jamus, Heinrich Hertz. Sautin da ke girgiza sau 50 a sakan ɗaya shi ne Hz 50.

Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kusan Hz 20 zuwa 20,000. Tushen muryar namiji baligi yakan kasance tsakanin Hz 85 da 180, na mace kuma tsakanin 165 da 255. Sai dai murya ba tushe kaɗai ba ce, tana da rassa a samansa, kowanne ninkin tushen ne. Muryar da tushenta yake Hz 120 tana da rassa a 240, 360, 480 har zuwa sama. Fahimtar magana ta fi dogara da waɗannan rassa, shi ya sa tsohon layin tarho, wanda ke ɗaukar Hz 300 zuwa 3,400 kawai, yake isar da zance a gane shi. Amma cikar murya da kwarjininta suna ƙasa, kusa da tushe.

Ƙarfin sauti kuma da desibel ake auna shi. Rage desibel 6 daidai yake da raba girman girgizar biyu, rage desibel 20 kuwa mayar da ita kashi ɗaya cikin goma ne. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti mai kauri sosai kamar yadda yake jin na tsakiya. Saboda haka rugugi yana iya cika fayil da ƙarfi alhali kunne da ƙyar yake lura da shi, musamman a ƙaramar lasifikar waya wadda ba ta iya fitar da shi. Ranar da aka kunna fayil ɗin a babbar lasifikar masallaci ko ta ɗakin taro, sai ya bayyana. Ko ba a ji shi ba yana ɓarna: yana cinye filin da ya kamata murya ta samu, yana wahalar da lasifika, yana kuma danne sautukan da ke maƙwabtaka da shi.

Inda ƙarar take fitowa

Tushe na farko shi ne wutar lantarki. Wutar da ke shiga gidaje tana kai da komo a cikin waya, sau 50 a sakan a Najeriya, Nijar, Ghana da ƙasashen Turai, sau 60 kuma a Amurka, Kanada da Saudiyya. Idan wayar makirufo ta kwance, ko rufinta ya tsage, ko ta bi kusa da wayar wuta ko taransifoma, wannan kai da komo yana tsallakawa cikin sautin ya zama gurnani. Haka nan idan aka haɗa na'urori biyu da wayar sauti, alhali kowacce tana shan wuta daga soket dabam, wata 'yar wuta takan riƙa zagayawa tsakaninsu ta haifar da gurnanin. Idan kuma kafasitocin da ke daidaita wuta a cikin tsohuwar rikoda suka bushe, gurnanin yakan fi ƙarfi a Hz 100. Shi ma gurnani yana da rassa, a 100, 150, 200, 250 da sama, kuma su ne ke mayar da shi ƙara mai kaifi da ke damun kunne.

Janareta yana ƙara dagula lamarin. Yawan kai da komon wutarsa ya danganta da gudun injinsa. Ƙaramin janaretan fetur yana juyawa sau 3,000 a minti kafin ya ba da Hz 50, kuma da zarar an ɗora masa firji ko dutsen guga, injin ya ɗan sassauta, gurnanin ya sauko, sannan ya sake hawa. Ga kuma ƙarar injin kansa da ke biyo iska ta shiga makirufo.

Tushe na biyu shi ne motsin na'ura, kuma ya fi yawa a faifan garmaho. Allura ba ta bambance girgizar waƙa da girgizar motar da ke juya faifai, duk abin da ya motsa ta sai ta mayar da shi sauti. Faifan da zafi ya lanƙwasa yana ɗaga allura yana sauke ta a kowane zagaye, har a ga bakin lasifika yana shiga yana fita ba tare da an ji komai ba, domin motsin yana ƙasa da Hz 20. Akwai kuma wani dalili. A ƙa'idar RIAA da kamfanonin faifai suka amince da ita a 1954, ana rage sauti mai kauri lokacin yanka faifai don kada layin allura ya yi faɗi, sannan na'urar kunnawa ta mayar da shi. A Hz 20 ƙarin ya kai kusan desibel 20. Rugugin mota yana shiga ne bayan an yanka faifai, don haka yana samun wannan ƙari a banza, ya ninka kusan sau goma.

Tushe na uku shi ne wurin da aka yi naɗin. Iskar hunturu da ke bugun makirufo a fili, fanka, na'urar sanyaya ɗaki, manyan motoci a titi, takun sawu a kan dandamalin katako, hannun da ke murza makirufo, da fashewar numfashi idan mai magana ya matso da baki ƙwarai, duk suna zuba ƙararsu a ƙasan sauti. Waɗannan ba su da tsayayyen wuri kamar gurnani, shi ya sa suka fi wuyar sha'ani.

Kwafi mai kyau shi ne rabin aiki

Kafin a taɓa kowace manhaja, sai a tabbatar ko ƙarar tana cikin kaset ɗin ne ko daga na'urar da ke kunna shi take fitowa. Gwajin mai sauƙi ne. A dakatar da kaset, rikoda na kunne, a saurara. Idan gurnani ya ci gaba, to daga rikoda ne ko wayoyi ko kwamfuta, kuma maganinsa canza waya, mayar da na'urorin soket ɗaya, nisanta su da taransifoma, ko zare cajar kwamfuta a yi aiki da batir. Idan ya tsaya tare da zaren kaset, to a cikin naɗin yake. Ƙarar da za a iya hana ta shiga tun wajen kwafi ba ta cancanci a bar ta ta shiga sannan a koma ana fama da ita ba.

A faifan garmaho akwai wata dabara. Tsofaffin faya-fayai masu hanya ɗaya suna ajiye waƙa ne a motsin allura na gefe da gefe, rugugi kuwa ya fi zuwa ta motsin sama da ƙasa. Idan aka kwafi faifan da allura mai hanya biyu, sannan aka haɗe dama da hagu wuri ɗaya, motsin sama da ƙasa yana soke kansa, waƙa ta rage yadda take.

Ƙungiyar IASA, wadda ta haɗa ma'adanan sauti na duniya tun 1969, ta kafa ƙa'idar da ma'aikatan adana tarihi ke bi: kwafi na farko a yi shi ba tare da wani gyara ba, a fayil marar matsi irin WAV, aƙalla a ma'aunin samfuri 48,000 a sakan da zurfin bit 24, kuma 96,000 ya fi. Wannan shi ne uwar kwafi, ba a taɓa shi. Duk wani gyara a kan kwafi na biyu ake yi. MP3 na rabawa ne bayan an gama, domin yana zubar da wani ɓangare na sautin da ba ya dawowa.

Ganin ƙara da ido

A 1822 masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya nuna cewa ana iya rarraba girgiza mai sarƙaƙiya zuwa sassauƙan girgizoji. A 1965 James Cooley da John Tukey suka wallafa hanyar da kwamfuta za ta yi wannan lissafi da sauri. Albarkacin haka, manhajoji irin su Audacity, wadda kyauta ce, da iZotope RX suna iya zana taswirar sauti: lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, sautuka masu kauri suna ƙasa, sirara suna sama, haske kuma yana nuna ƙarfi.

A wannan taswira kowace ƙara tana da kamanninta. Gurnanin lantarki yana fitowa kamar siraran layuka a kwance, ɗaya bisa ɗaya da tazara iri ɗaya. Na janareta layukan ne dai, amma suna karkacewa. Rugugin faifai dusu-dusu ne shimfiɗe a can ƙasa daga farko har ƙarshe. Bugun iska kuma dunƙule-dunƙule ne da ke tasowa daga ƙasa nan da can. Wurin da ya fi dacewa a duba shi ne inda mai magana ya yi shiru, ko tsakanin waƙa da waƙa.

Kafin a share gurnani, yana da amfanin da za a ci. Idan aka san an yi naɗin da tsayayyar wuta mai Hz 50, amma taswira ta nuna layin a 52, alama ce cewa kaset ɗin yana gudu da kashi 4 cikin ɗari fiye da yadda aka naɗe shi, kuma muryar da ake ji ta fi ta mai ita sirantaka. Sai a rage gudun har layin ya sauka inda ya kamata. Wannan awo ba abin dogaro ba ne idan da janareta aka yi aikin. Masu binciken laifuka ma suna amfani da ɗan hawa da saukar gurnanin wuta don gano lokacin da aka yi naɗi, kuma 'yan sandan Landan sun fara adana bayanan wutar ƙasarsu don haka tun 2005. Wannan ƙarin dalili ne na barin uwar kwafi da gurnaninta.

Matata iri uku

Kayan aiki na farko shi ne matatar ƙasa, wadda ke barin sautukan sama su wuce, ta danne na ƙasa. Abu biyu ake saita mata: iyakar da za ta fara aiki, da tsananin gangararta. Ba yanke take yi kamar wuƙa ba, a hankali take ragewa. Matata mai gangarar desibel 12 da aka saita a Hz 80 tana rage kusan desibel 12 a Hz 40, da kusan 24 a Hz 20. Ita ce maganin rugugi. Ga magana zalla, kamar wa'azi ko hira, iyaka tsakanin Hz 60 da 80 takan wadatar, a muryar mace ko yaro ana iya ɗagawa zuwa 100. Ga kiɗa kuwa sai a sauko zuwa 20 ko 30, domin jita mai kauri tana sauka har Hz 41, piyano har 27.5. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara daga ƙasa ana ɗaga iyakar sannu a hankali, da zarar murya ta fara ramewa a koma baya.

Wannan matata ba ta warkar da gurnani. Wadda aka saita a Hz 80 ɗin nan desibel 9 kacal za ta rage wa gurnanin Hz 50, rassansa na 150 da 200 kuma su wuce kusan lafiya lau. Wanda ya ci gaba da ɗaga iyaka har 250 don ya kama su zai kashe gurnani, amma ya tafi da ƙirjin mai magana.

Maganin gurnani shi ne matatar tsaga, wadda ke cire wani siririn wuri ɗaya tak ta bar na gefensa. Ana sa ɗaya a Hz 50, wata a 100, wata a 150, iya rassan da ake gani a taswira, ba fiye ba. Kowace tsaga a yi ta siririya gwargwadon iko, kuma zurfinta ya tsaya inda gurnani ya daina damun kunne. Tsagar da ta cika tsanani takan bar wani ɗan amo yana bin bayan kowane bugun ganga. Ga gurnanin janareta ko na kaset mai rawar gudu, tsayayyar tsaga ba ta isa, domin layin yana fita daga cikinta. Nan ake buƙatar manhajar da ke bin layin duk inda ya karkata.

Na uku shi ne ragewa ta hanyar samfuri. Ana zaɓar sakan ɗaya ko biyu inda babu komai sai ƙara, manhaja ta koyi kamanninta, sannan ta rage irinta a dukan fayil ɗin. Tushen wannan hanya aikin Steven Boll ne na 1979, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanoni irin su CEDAR na Kambirij a Ingila, wanda ya samo asali daga aikin haɗin gwiwa da ma'adanar sauti ta ƙasar, suka mayar da gyaran sauti da kwamfuta sana'a. Hanyar tana da amfani ga ƙara mai ɗorewa kamar ta fanka. Idan aka matsa mata, murya takan koma kamar ana magana a cikin tulu, da wasu 'yan tsuwwa-tsuwwa a bayanta. Ragewa kaɗan sau biyu ta fi ragewa mai yawa sau ɗaya.

Bugun iska da fashewar numfashi kuwa da hannu ake bin su. A nemo wurin a taswira, a zagaye dunƙulen kaɗai, a rage shi, a bar sauran fayil ɗin. Inda iska ta yi ƙarfi har ta toshe makirufo, abin da ke ƙarƙashinta bai shiga naɗin ba tun asali, kuma babu matatar da za ta dawo da shi.

Jerin aikin ma yana da muhimmanci. Ana fara cire ƙas-ƙas ɗin faifai, domin matata tana baza shi ya yi wuyar kamawa. Sai gurnani, sai rugugi, sannan ƙarar da ta game ko'ina.

Inda ake buƙatar taka-tsantsan

Kiɗan Hausa yana da dukiya mai yawa a ƙasan sauti. Nauyin tambari da na ganga a can yake, haka ma amon ƙwaryar da aka kifa a ruwa a kiɗan mata. Kalangu kuma yana hawa yana sauka gwargwadon yadda makaɗi ya matse shi a hammata, don haka amonsa yana iya ratsa wuraren da aka sa tsaga, kuma idan tsagogin sun yi faɗi sai a ji kiɗan yana ɓacewa yana dawowa. Magana ma haka take. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma tushen muryar namiji yana yawo ne a daidai inda rassan gurnani na Hz 100 da 150 suke. Gyaran da ya wuce kima a nan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Sababbin manhajoji masu koyo daga tarin misalai sun kai inda matata ba ta kai ba. Misali sananne shi ne waƙar Now and Then ta ƙungiyar Beatles. John Lennon, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya naɗe ta a kaset a gidansa na New York a ƙarshen shekarun 1970, da gurnanin lantarki da piyano a kan muryarsa. A 1995 abokansa na ƙungiyar suka gwada kammala ta suka ajiye, sai a 2023 aka fitar da ita, bayan fasahar da ma'aikatan mai shirya fim Peter Jackson suka ƙera ta ware muryar ita kaɗai. Amma yawancin irin waɗannan manhajoji da ke hannun jama'a an horar da su ne su tsamo magana, saboda haka suna iya ɗaukar kiɗa da amshi a matsayin ƙara su share, wasu kuma suna cike giɓi da sautin da suka ƙirƙira. Ga muryar malami ko mawaƙin da ya riga mu gidan gaskiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin amanar da ke wuyan mai gyara ita ce ya isar da abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi.

Gwajin da ya fi kowanne tona gaskiya shi ne sauraron abin da aka cire. Manhajoji da yawa suna ba da damar a ji ragowar kaɗai. Idan gurnani da rugugi ne zalla a ciki, aiki ya yi. Idan ana jin inuwar kalmomi ko bugun ganga, an wuce gona da iri, sai a sassauta. Bayan haka a kwatanta gyararren da na asali a ƙarfi ɗaya, a abin sauraro na kunne mai kyau, a babbar lasifika, a kuma waya. Ɗan gurnanin da ya rage can ƙasa kunne yana sabawa da shi cikin minti ɗaya, ramammiyar murya kuwa haka za ta kasance har ƙarshen kaset.

Daga ƙarshe a rubuta abin da aka yi: na'urar da aka kunna da ita, iyakar matata, wuraren tsaga da zurfinsu. A ajiye wannan bayani tare da uwar kwafi a wurare biyu ko uku dabam-dabam, kaset ɗin kansa kuma a adana shi nesa da zafi, laima da ƙura. Kayan gyara suna inganta shekara bayan shekara, kuma wanda zai zo nan gaba da manhaja mafi kyau zai iya sake aikin daga tushe muddin uwar kwafi tana nan yadda aka ɗauko ta.